TARIHIN RAYUWAR FLORENCE NIGHTINGALE (1820–1910), UWAR AIKIN JINYA NA ZAMANI

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ya san cewa likita kan zo ne ya duba shi na 'yan mintoci ya wuce. Wadda ke tare da shi dare da rana ita ce ma'aikaciyar jinya, wato nas. Ita ke ba shi magani a kan lokaci, ta wanke masa rauni, ta gyara masa kwanciya, ta kuma sa ido a kan duk wani sauyi da jikinsa ya nuna.

A harshen Hausa kalmar jinya tana da fuska biyu. Idan aka ce wane yana jinya, ana nufin ba shi da lafiya. Idan kuma aka ce yana jinyar mahaifinsa, ana nufin shi ke ɗawainiya da shi. Wannan ɗawainiya ta daɗe a duniya, domin kowace al'umma tana da masu yin ta. A tarihin Musulunci an san Rufaida al-Aslamiyya, wadda take da tanti a masallacin Madina inda take kula da waɗanda suka ji rauni a yaƙi. Amma mayar da jinya sana'a mai makaranta da ƙa'idoji irin wadda muke gani a asibitocinmu, sunan da ake fara ambata a kansa shi ne na Florence Nightingale.

Mutane da yawa sun san ta ne da laƙabin mai fitila kawai. Wannan muƙala za ta bi rayuwarta daga haihuwa zuwa rasuwa, domin a ga yadda ta gano cewa abubuwan da ake rainawa, kamar iska da ruwa da abinci da tsafta da sa ido, su ne ke raba majinyaci da kabari, da kuma yadda ta mayar da su ilimin da ake koyarwa.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Florence Nightingale ranar 12 ga watan Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta suke yawon buɗe ido, shi ya sa aka raɗa mata sunan birnin. Mahaifinta William Edward Nightingale attajiri ne ɗan Ingila wanda ya gaji dukiya mai yawa. Sunan mahaifiyarta Frances, 'yar William Smith, wani ɗan majalisa da ya yi fice wajen yaƙi da cinikin bayi. Tana da yaya guda ɗaya mai suna Parthenope, wadda ta girme ta da shekara ɗaya.

Iyalin suna da manyan gidaje biyu, ɗaya a Lea Hurst inda suke zama da bazara, ɗayan kuma a Embley inda suke cin hunturu. A wancan zamani ba a tura 'ya'ya mata jami'a a Ingila. Sai dai mahaifin, wanda ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya ɗauki nauyin koyar da 'ya'yansa da kansa. A wurinsa Florence ta koyi Girkanci da Latin da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, da tarihi da falsafa. Daga baya ta matsa aka bar ta ta zurfafa a lissafi, fannin da ake ganin bai dace da mace ba, wanda kuma ya zame mata babban makami a gaba.

Tun tana ƙarama takan bi mahaifiyarta kai wa talakawan ƙauye taimako, kuma takan zauna wurin marasa lafiya a cikin dangi. Ranar 7 ga watan Fabrairu, 1837, tana 'yar shekara 16, ta rubuta cewa ta ji a ranta Allah ya kira ta ga yi masa hidima. Ta ɗauki wasu shekaru kafin ta tabbatar cewa hidimar ita ce jinya.

Neman Ilimin Jinya

A Ingila ta wancan lokaci aikin jinya ba shi da daraja. Asibitoci wuraren talakawa ne, domin mai hali a gidansa ake yi masa magani. Matan da ke aiki a ciki yawancinsu ba su da wani horo, albashinsu kaɗan ne, kuma an yi musu shaidar shan giya da ƙazanta. Saboda haka, da Florence ta nemi izini a 1845 ta je asibitin Salisbury ta koyi aiki na 'yan watanni, sai gida ya kaure. Mahaifiyarta da yayarta suka ɗauki abin a matsayin zubar da mutuncin iyali, aka hana ta.

Hanin bai sa ta haƙura ba. Takan tashi da asuba ta karanta rahotannin gwamnati a kan asibitoci da lafiyar jama'a, tana tara bayanai a ɓoye. A 1849 ta ƙi auren Richard Monckton Milnes, marubuci kuma ɗan majalisa, wanda ya daɗe yana neman ta, don tana ganin aure zai raba ta da abin da ta sa gaba. Har ta bar duniya ba ta yi aure ba.

Tafiye-tafiye ne suka buɗe mata ƙofa. A birnin Rum, tsakanin 1847 da 1848, ta haɗu da Sidney Herbert, ɗan siyasar da ya zama babban majiɓincinta. Bayan ziyarar Masar da Girka, ta biya ta garin Kaiserswerth a Jamus a 1850, inda wani malamin coci, Theodor Fliedner, yake da cibiyar horar da mata kula da marasa lafiya da marayu. A 1851 ta koma can ta yi kimanin wata uku tana aiki tare da su. Daga bisani ta je Faris ta duba yadda 'yan uwa mata na cocin Katolika ke tafiyar da asibitocinsu.

Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. A 1853 mahaifinta ya yanka mata fam 500 a kowace shekara, wanda ya ba ta 'yancin kanta. A watan Agusta na shekarar ta zama shugabar wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley da ke Landan. Tun daga nan aka fara ganin irin tunaninta. Ta sa aka ja famfon ruwan zafi zuwa kowane bene, aka sanya na'urar hawar da abinci daga kicin, aka kuma haɗa ƙararrawa mai nuna ɗakin da aka yi kira, duk don kada nas ta ƙarar da ƙarfinta wajen hawa da sauka.

Yaƙin Kirimiya da Asibitin Sukutari

A watan Maris na 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi a ɓangaren Daular Usmaniyya ta Turkiyya, suna fuskantar Rasha. An fi gwabzawa a yankin Kirimiya da ke gaɓar Bahar Aswad. Bayan karon Alma a watan Satumba, jaridar Times ta buga rahotannin da suka tayar da hankalin mutanen Ingila: sojojin da suka ji rauni suna mutuwa babu bandeji, babu masu jinya, alhali sojojin Faransa suna da masu kula da su.

Sidney Herbert, wanda a lokacin yake riƙe da muƙamin sakatare a harkokin yaƙi, ya rubuta wa Florence takarda yana neman ta jagoranci tawagar mata. Ita ma ta riga ta aika da tata takardar tana neman tafiya, sai takardun biyu suka yi saɓani a hanya. Ranar 21 ga watan Oktoba, 1854, ta bar Landan da mata 38, wasu ma'aikatan coci, wasu kuma waɗanda suka taɓa aiki a asibitoci. Sun isa Sukutari, wata unguwa ta birnin Santambul a ɓangaren Asiya, a farkon watan Nuwamba.

Asibitin da suka tarar tsohon barikin sojan Turkiyya ne. An jera shimfiɗu a ɗakuna da barandu, tsawonsu ya kai mil huɗu, kuma akwai lokacin da majinyata suka haura 2,000. Ana kwaso su ne daga fagen fama a jirgin ruwa, tafiyar kwanaki, su iso da rauni ya ruɓe, wasu sanyi ya cinye musu yatsu. Ginin yana zaune a kan toshassun magudanan ƙazanta, iska na maido da warinsu cikin ɗakuna. Ga ɓeraye, ga ƙuma, ga kwarkwata. Babu isassun barguna da riguna da kwanuka da sabulu. Abinci kuwa nama ne da akan tafasa a manyan tukwane, wani ya dahu wani ɗanye, a miƙa wa mutumin da atuni ya gama da hanjinsa.

Likitocin soja ba su yi maraba da matan ba. Florence ta san cewa in ta yi gaggawa za a kore su baki ɗaya, saboda haka ta hana matanta taɓa kowa sai likita ya nema. Suka zauna suna ɗinkin katifu da riguna. Ba a daɗe ba raunanan karon Inkerman na ranar 5 ga Nuwamba suka fara kwararowa, aiki ya fi ƙarfin likitoci, dole suka nemi taimako.

Abin da ta fara saya shi ne buroshi 200 na goge daɓe. Ta kama hayar gida ta mayar da shi wurin wanki, ta sa tukwanen tafasa ruwa, ta ɗauki matan sojoji aiki. Ta buɗe kicin na musamman don dafa romo da kunu da abinci mai laushi ga waɗanda ba sa iya cin na kowa. Da kuɗinta da kuma gudummawar da jaridar Times ta tara ta sayo riguna da safa da cokula da tawul. Ta samo labule da ake kare majinyaci da shi lokacin yanke masa ƙafa ko hannu, don kada na kusa da shi ya gani ya karaya. Takan zauna wurin mai baƙin mutuwa, sannan ta rubuta wa iyalinsa takarda.

Da dare, bayan sauran mata sun koma masauki, takan ɗauki fitilar Turkawa ta zagaya ɗakunan tana duba marasa lafiya. Daga nan laƙabin mai fitila ya samo asali, jaridu suka yaɗa shi, ta zama abin so a duk faɗin Ingila.

Darasin da Alƙaluma Suka Koyar

Duk da wannan ƙoƙari, mutuwa ba ta ragu ba a watannin farko, ƙaruwa ma ta yi. A hunturun farko sojoji 4,077 suka mutu a Sukutari. Waɗanda atuni da kwalara da taifot da zazzaɓin kwarkwata suka kashe sun ninka waɗanda rauni ya kashe kusan sau goma. A watan Fabrairu na 1855, cikin kowane mutum 100 da aka kwantar, kimanin 42 ke mutuwa.

A watan Maris na shekarar gwamnati ta turo kwamitin tsafta wanda ya haɗa da Dokta John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka yashe magudanai, suka buɗe kafofin iska, suka shafe bango da farar ƙasa, suka kwashe mushen dabbobi, har da mataccen doki da aka tarar a hanyar ruwan da asibitin ke amfani da shi. A daidai lokacin sanyi ya ja baya, cunkoso ya ragu, abinci kuma ya inganta da zuwan shahararren kuku Alexis Soyer. Zuwa watan Yuni mutuwa ta sauko zuwa kimanin 2 cikin 100.

A watan Mayu na 1855 Florence ta ƙetara zuwa Kirimiya don duba asibitocin can, inda zazzaɓi mai tsanani ya kama ta har aka fid da rai. Masana da yawa a yau suna ganin cutar burusela ce, wadda ake ɗauka daga ɗanyar madarar dabbobi. Ta tashi, amma ciwon bai rabu da ita ba. Ta koma gida a watan Agusta na 1856 da sunan aro, don guje wa bikin tarba.

Bayan dawowarta ta gana da Sarauniya Biktoriya a Balmoral, ta matsa har aka kafa hukumar binciken lafiyar soja a 1857. Ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr suka bi alƙaluman yaƙin dalla-dalla. Sakamakon ya nuna cewa cikin sojojin Ingila fiye da 20,000 da suka mutu, aƙalla 16,000 cuta ce ta kashe su. Sun kuma gano cewa ko a lokacin zaman lafiya, sojan da ke bariki a Ingila ya fi farar hula sa'ansa saurin mutuwa kusan ninki biyu. Da yake ta san manya ba sa karanta dogon jadawali, sai ta zana da'ira ta raba ta gida 12, kowane gida wata guda. Shuɗi na nuna mutuwar cutar da za a iya kauce wa, ja na nuna ta rauni, baƙi kuma sauran dalilai. Kallo ɗaya ya isa mutum ya ga shuɗi ya mamaye takardar. A 1858 ta zama mace ta farko da aka ɗauka a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan.

Wannan shi ne darasin da ya juya rayuwarta: tausayi da ƙwazo ba sa ceton majinyaci matuƙar ɗakin da yake kwance shi ke ƙara masa ciwo.

Ginshiƙan Kula da Majinyaci

A ƙarshen 1859 ta fitar da ɗan ƙaramin littafinta mai suna Notes on Nursing. Ta rubuta shi ne domin matan gida, saboda a ganinta kusan kowace mace wata rana za ta yi jinyar wani, ko ɗa ko miji ko iyaye. Jigon littafin shi ne, aikin mai jinya ya wuce miƙa magani. Aikinta ne ta shirya wa majinyaci yanayin da jikinsa zai samu damar murmurewa. Ga muhimman abubuwan da ta koyar a taƙaice:

1. Iska da ɗumi. Wannan ta sa a gaba. A buɗe taga domin iskar ɗaki ta riƙa sauyawa, amma a rufe majinyaci da bargo don kada sanyi ya kama shi. Iskar kuma ta fito daga waje, kada ta biyo ta kicin ko makewayi.

2. Lafiyar gida. Ta lissafa abubuwa biyar da gida ba ya zama lafiya sai da su: iska mai kyau, ruwa mai tsafta, magudanar da ke tafiya, tsafta da kuma haske.

3. Tsaftar jiki. A riƙa yi wa majinyaci wanka ko a goge masa jiki, ana buɗe sashe-sashe don kada ya ji sanyi. Ita kanta mai jinya ta yawaita wanke hannu. Fo kuwa a rufe shi da murfi, a fitar da shi nan take, a wanke, kada a tura shi ƙarƙashin gado.

4. Gado da shimfiɗa. Kada gado ya yi tsayi da yawa, kada kuma a manna gefensa da bango, domin mai jinya ta iya kai wa ga majinyaci ta kowane ɓangare. A riƙa shanya shimfiɗa tana bushewa. A jera matasan kai yadda za su tallafi baya, numfashi ya samu sauƙi. Gyambon da kan fito wa wanda ya daɗe a kwance, ta ɗora yawancin laifinsa a kan jinya.

5. Abinci. Ta lura cewa majinyata da yawa yunwa ke ƙarasa su alhali ga abinci a gida, saboda ba a san lokacin da za su iya ci ba. Wanda ba ya iya shan kofi guda, a ba shi cokali-cokali a kai a kai. Kada a bar kwanon da bai ci ba a gefensa har ya gundure shi. Mai jinya ta san ainihin abin da ya shiga cikinsa, domin abin da aka kawo daban, abin da aka ci daban.

6. Hayaniya. Ƙarar da ke sa majinyaci zullumi ta fi cutarwa, musamman raɗa a bakin ƙofa, domin zai ɗauka maganar mutuwarsa ake yi. Kada a tashe shi daga barcin farko. Mai magana da shi ya zauna a gabansa inda zai gan shi, kada ya yi daga baya ko daga ƙofa.

7. Haske da sauyin gani. A kwantar da shi inda rana ke shigowa, inda zai iya hangen waje. Furanni ko wani abin kallo suna rage masa ƙunci.

8. Masu dubiya. Ta ware babi guda a kan baƙin da ke cika majinyaci da shawarwarin magani da alkawarin sauƙi na fatar baki. Wannan gajiyar da shi yake yi. Abin da ya fi masa amfani shi ne labari mai daɗi daga waje. Wannan babi yana da amfani ga duk mai zuwa dubiya har gobe.

9. Tsari. Gwanar jinya ita ce wadda ta shirya abubuwa yadda ko ba ta nan aiki zai tafi daidai. Wannan manufa ce ke bayan rubuta rahoto da miƙa aiki tsakanin nas ta dare da ta safe.

10. Sa ido. Wannan ta ɗauka a matsayin darasi mafi muhimmanci. Mai jinya ta san abin da za ta duba: launin fuska, bugun jini, numfashi, barci, cin abinci, fitsari da bayan gida. Ta kuma iya tambaya. A maimakon ta tambayi ko ya yi barci lafiya, wanda kowa zai amsa da i, ta tambayi awa nawa ya yi, da kuma wane lokaci na dare. Idan za ta ba likita rahoto, ta faɗi abin da ta gani, ta ajiye zatonta gefe.

Ya kamata a sani cewa a lokacin da ta rubuta littafin ba a tabbatar da ilimin ƙwayoyin cuta ba. Ita da mafi yawan likitocin zamaninta sun ɗauka gurɓatacciyar iska da wari ke haifar da cuta. Binciken Louis Pasteur da Joseph Lister da Robert Koch ne ya bayyana gaskiyar lamarin daga baya, ita ma ta karɓe shi a ƙarshe. Bayaninta na dalili bai cika daidai ba, amma matakan da ta bayar su ne dai ke kashe ƙwayoyin cutar ko su toshe musu hanya. A 1861 ta fitar da bugu mai araha domin talakawa, ta ƙara masa babi a kan renon jariri.

Makarantar Horar da Nas-nas

Tun tana fagen yaƙi jama'a suka buɗe asusu da sunanta, aka tara kusan fam 45,000. Da wannan kuɗi aka buɗe makarantar horar da nas-nas a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, da ɗalibai 15, ƙarƙashin shugabar nas-nas ta asibitin, Sarah Wardroper. Horon na shekara ɗaya ne, yawancinsa a gefen gadon majinyaci. Ana koya musu wanke rauni da ɗaure bandeji da gyaran gado da dafa abincin marar lafiya da rubuta abin da suka lura da shi. Ana kuma rubuta rahoto a kan halayensu da ƙwarewarsu. Tsarin ya kafu a kan cewa nas na bin umarnin likita a sha'anin magani, amma horonta da ladabtar da ita suna hannun shugabar nas-nas. Makarantar tana nan har yanzu a ƙarƙashin King's College ta Landan.

Ɗalibanta sun bazu. A 1865 Agnes Jones ta jagoranci nas-nas 12 zuwa asibitin gidan gajiyayyu na Liverpool, inda kafin nan gajiyayyu ne ke jinyar junansu. Ta kamu da zazzaɓin kwarkwata a bakin aiki, ta rasu a 1868. A wannan shekarar Lucy Osburn ta kai tsarin birnin Sydney na Ostireliya. Ba duk abin da Florence ta kafa ne ya ɗore ba. Sashen horar da ungozoma da aka buɗe a 1861 an rufe shi a 1867 saboda zazzaɓin haihuwa da ya kashe mata masu jego, abin da ya sa ta gudanar da bincike na musamman a kan mace-macen haihuwa, ta buga shi a 1871.

Har ila yau ta ba da shawarwari a kan fasalin ginin asibiti: dogon ɗaki mai tagogi a ɓangarori biyu, da tazara tsakanin gadaje. Ta kuma shafe shekaru tana fafutukar ruwan sha da tsafta a Indiya, ko da yake ba ta taɓa taka ƙasar ba.

Halayenta

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Waɗanda suka yi aiki da ita sun shaide ta da tsanani da kaifin harshe. Ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kan aiki, har da Sidney Herbert, wanda ta ci gaba da matsa wa yana fama da ciwon da ya yi ajalinsa a 1861. Ta kuma yi adawa da yi wa nas-nas rajistar gwamnati, don tana ganin jarrabawa ba ta auna hali. An kafa dokar rajistar a 1919, bayan rasuwarta. Bugu da ƙari, shahararta ta rufe sunayen wasu mata da suka yi hidima a yaƙin, kamar Mary Seacole 'yar Jamaika, wadda hukumomi suka ƙi ɗauka, ta je da kuɗinta ta kafa masauki kusa da Balakalaba tana taimakon sojoji.

A ɗaya ɓangaren, mace ce mai juriya ta ban mamaki. Daga 1857 yawancin rayuwarta a ɗaki ta yi ta saboda ciwo, amma daga kan gado ta rubuta littattafai da rahotanni kimanin 200 da dubban wasiƙu, ministoci na zuwa gidanta neman shawara.

Rasuwarta da Abin da Ta Bari

A 1883 Sarauniya Biktoriya ta ba ta lambar girma ta Royal Red Cross. A 1907 ta zama mace ta farko da ta samu lambar Order of Merit, a lokacin idanunta sun riga sun tafi. Ta rasu a gidanta da ke Landan ranar 13 ga watan Agusta, 1910, tana da shekara 90. An yi tayin binne ta a Westminster Abbey tare da manyan ƙasa, amma danginta suka ƙi, bisa ga burinta. An binne ta a maƙabartar cocin ƙauyen East Wellow kusa da iyayenta, da haruffan farko na sunanta da ranakun haihuwa da rasuwa kawai a kan dutsen.

A 1912 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ƙirƙiro lambar yabo da sunanta domin fitattun ma'aikatan jinya. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe shekarar 2020, wadda ta cika shekara 200 da haihuwarta, domin nas-nas da ungozoma.

Nijeriya ma ta sha daga wannan rijiya. Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas, ta shiga makarantar Nightingale a 1946. Ta dawo gida a 1954 ta kama aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan, inda a 1964 ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta shugabanci nas-nas na asibitin. Daga bisani ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa, kuma a 1973 ta samu lambar yabo ta Florence Nightingale.

Kammalawa

Wannan muƙala ta kawo tarihin Florence Nightingale tun daga gidan daula da ta taso, da turjiyar iyayenta, da abin da ta gani a Sukutari, har zuwa littafinta da makarantarta. An ga yadda buroshi da sabulu da buɗaɗɗiyar taga da yasasshen lambatu suka ceci rayukan da magani ya kasa ceta. Yawancin abin da ta koyar ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kuma ya shafi mai jinyar tsohuwarsa a gida kamar yadda ya shafi nas a asibiti. Ashe dai gaskiyar Bahaushe ce da ya ce riga-kafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.